Waya da intanet a motar kwana: daga Port Augusta zuwa Darwin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Adelaide da ke Ostireliya. Ni da abokaina biyu za mu yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana da girki a ciki, mu bi hanyar Stuart har Darwin. Wayata daga Kano na zo da ita. Za ta yi aiki a can dajin? Wane layi zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hanyar nan, daga Port Augusta inda ta fara har Darwin, ta kai kilomita 2,700. Za ka samu sabis a Coober Pedy da Alice Springs da Tennant Creek da Katherine, amma tsakaninsu ana yin doguwar tafiya waya shiru.

Fara duba wayar kafin layin. Kamfanonin layi Telstra da Optus sun fara rufe 3G ranar 28 ga Oktoba 2024, Vodafone kuwa ya riga su. Yanzu kira ta 4G yake bi, wato VoLTE, kuma wayar da ba ta iya kiran lambar gaggawa 000 ta wannan hanya ana toshe ta. Wayoyin da aka shigo da su daga waje su suka fi faɗawa tarkon. Danna *#06#, ka kwafi lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka duba ta a shafin kamfanin layin. Sannan ka tabbata wayar tana kama zango na 28, mai megahaz 700, domin shi ne yake cin nisa a karkara. In babu shi, a gari ka ga sabis cike, kana fita ya ɗauke.

Layi kam, Telstra. Kamfanin Boost ma a kan cikakken sabis ɗin Telstra yake. Ƙananan kamfanoni masu araha da ke haya a wurinsa ba duka eriyoyin ake ba su ba.

Sauke taswira tun kana gari, GPS ba ya buƙatar sabis. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 ne babu gidan mai.

Tambaya: To in mota ta lalace inda babu sabis fa?

Amsa: 000 tana bi ta kowane kamfani da ke kusa, amma in babu ko ɗaya, ba za ta shiga ba. Ku riƙe na'urar neman agaji ta PLB mai megahaz 406, ku yi mata rajista kyauta a AMSA, hukumar kiyaye lafiyar sufurin ruwa ta Ostireliya. Ba ta da kuɗin wata, sai dai ta halin rai da mutuwa ce, ba ta faci ba. Aika saƙo gida aikin Garmin inReach ne, na'urar saƙo ta tauraron ɗan adam, da kuɗin wata. A rediyon oba-oba na UHF kuma, tasha ta 40 ce ta direbobin manyan motoci masu jan tirela uku. 5 da 35 na gaggawa ne, kada ku yi hira a kansu. Kuma kada kowa ya bar motar ya kama tafiya a ƙasa.

Tambaya: Batirin ɗakin zai ɗauki Starlink Mini da kwamfuta?

Amsa: Yi lissafi. Mini, wato ƙaramar na'urar intanet ta tauraron ɗan adam, yana jan wat 25 zuwa 40. Awa biyar a wat 30 ya zama wat-awa 150, alhali batirin litiyom mai 100Ah yana riƙe kusan wat-awa 1,280. Batirin darma irin na AGM rabinsa kawai ake ci, kuma firij na sha daga nan dare da rana. In ka ga Mini yana mutuwa yana tashi, yawanci wayar wutar ce ta yi tsawo ko siriri, ƙarfin volt 12 ya zube a hanya. Gajarta ta, ko ka sa na'urar ɗaga wuta zuwa volt 24. Kwamfuta a yi mata caji da cajar mota mai USB-C, domin inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, asarar wuta take yi.

Kada ka bar waya a gaban gilashi. Apple ya ƙayyade wa iPhone digiri 35, in ta yi zafi sai ta daina caji. A garin Oodnadatta da ke yankin an taɓa auna zafi digiri 50.7 a 1960.