Amsa ga mai son karatun gina gadoji a Sudan

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarka inda ka ce kana son karanta injiniyancin gine-gine domin ka ƙware a aikin gada, kuma kana son jin ko Sudan ta dace da wannan buri. Na yi shekaru masu yawa a Umdurman ina ƙetare Nilu safe da yamma zuwa wurin aikina a Bahri, saboda haka abin da zan gaya maka na gan shi da idona.

Babban birnin ƙasar nan birane uku ne da ruwa ya raba, wato Khartum da Bahri da Umdurman, daidai inda Farin Nilu ya haɗu da Shuɗin Nilu a wurin da ake kira Mugran. Shi ya sa kubri, kamar yadda ake kiran gada a nan har a bakin Hausawanmu, yake cikin lissafin kowa kafin ya fita daga gida. Wadda ta fi tsufa ita ce gadar ƙarfe ta Shuɗin Nilu da ke dab da Jami'ar Khartum, wadda kamfanin Cleveland na Ingila ya kammala a 1909 domin jirgin ƙasa ya shigo gari, aka kuma yi mata sashe mai ɗagawa don jiragen ruwa su wuce. Ta Farin Nilu mai kaiwa Umdurman ta biyo baya a shekarun 1920.

Ni dai wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce tsohuwar gadar dogo ta Kosti, wadda aka gama a 1910. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, suna tafe suna ƙwadago a hanya, da yawansu ta kanta suka ƙetare Farin Nilu bayan dogo ya isa El Obeid, suka nufi gabar Bahar Maliya. Wasu sun kai, wasu kuma suka yada zango har abada, kamar yadda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar bayan yaƙin Burmi na 1903. Inda babu gada kuwa sai fito, ko a kwale-kwale ko a babban jirgin ɗaukar motoci da ake kira bantun.

Idan batun ilimi ne, Shuɗin Nilu kaɗai ya isa malami. Da rani ruwansa yana ja baya har a yi noma a gefensa, amma daga Yuli zuwa Satumba, idan damina ta kankama a tsaunukan Habasha, sai ya taso da ƙarfi ɗauke da laka, yana ƙwaƙule ƙasar da ke gindin ginshiƙai. Duk wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ya san cewa darajar gada tana cikin tushen da ido ba ya gani. Akwai kuma na zamani da ɗalibi zai kwatanta da tsofaffin: gadar Mak Nimr da aka buɗe a 2007, da ta tsibirin Tuti wadda igiyoyin ƙarfe suke riƙe da ita, tsibirin da kafin 2008 ba a shigarsa sai ta ruwa.

Sai dai amana ce in gaya maka sauran labarin. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gadojin nan suka zama abin da ɓangarorin biyu, wato sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, suke kokawa a kai. A watan Nuwamba na shekarar aka karya gadar Shambat, wadda na fi bi tsakanin Umdurman da Bahri, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya alhaki. Ɗaliban Nijeriya masu yawa an kwashe su ta Masar da Port Sudan, karatunsu ya tsaya a tsakiya, kuma na ga yadda abin ya karya musu zuciya.

Shawarata ita ce ka yi digirinka na farko a gida, ka dage da lissafi da ilimin ƙasa da na ruwa, ka kuma koyi Larabci sosai, domin da shi za ka yi magana da magina da leburori a wurin aiki. Kada ka ba wani dillali ko sisi kafin ka tabbatar daga jami'ar da kanta a wane gari ake karatu yanzu, kuma ko a aji ake yi ko ta intanet. Idan Allah ya zaunar da ƙasar, gyaran gadojin nan zai buƙaci injiniyoyi na shekaru, lokacin nan ka rubuto mini mu duba batun digiri na biyu. Ka gaishe mini da mahaifanka.