Tagogin Benen Maƙwabci Sun Hana Mu Sakewa A Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekara 14 ke nan muna zaune a Rikkos, cikin Jos. Maƙwabcinmu na baya ya rushe tsohon gidansa ya tayar da bene, an zuba dekin, yanzu bulon sama ake jerawa. Tagogi biyu da baranda duk tsakar gidanmu suke kallo, inda muke girki da wanki, ga banɗakinmu ba rufi. Ni da 'ya'yana mata ko shanya za mu yi sai da hijabi. Maigidana ya ce mu yi haƙuri, ai filinsa ne. Shin da gaske ba mu da ta cewa? Daga Maman Hafsat.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Hafsat. Fili nasa ne, maigidanki bai yi ƙarya ba, amma suturarku ba tasa ba ce. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin na san ɗakin mace na gaskiya shi ne tsakar gidanta.

Malamanmu sun daɗe da yanke wannan magana. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid ya kawo hadisin "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa, sannan ya ba da misali da mutumin da zai buɗe taga ta kusa wadda zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta. Ya ce ba ya halatta. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a ajiye gado a bayan irin wannan taga, mutum ya hau ya tsaya. Idan yana ganin cikin gidan maƙwabci, a hana. Ki lura, taga aka hana, ba a hana benen ba. Don haka kada ku je wa maƙwabcinku da maganar ya dakatar da gini, nan take zai murje ido. Ku nemi a ɗaga tagogin su wuce tsayin mutum, ko a sa gilashin da haske ke ratsawa amma ba a gani ta cikinsa, barandar kuma a toshe ɓangaren da ke kallonku.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yanzu da ba a zuba linta ba, gyaran nan bulo kaɗan ne da aikin yini guda. In aka yi filasta aka kafa tagogi, fasawa ce, kuma ba mai son ya fasa abin da ya kashe wa kuɗi.

Maigidanki ya ɗauki dattijo ɗaya, limami ko mai unguwa, su roƙe shi ya hau da su saman dekin ɗin ya leƙo da idonsa. Da yawa ba mugunta ba ce, mai zane ne ya jera tagogi bai taɓa taka unguwar ba.

In ya ƙi, sai ku rubuta koke zuwa JMDB, hukumar da ke ba da izinin gini a Jos, ku haɗa da hotuna. Za su duba ko yana da izini, ko ginin ya bi zanen da aka amince da shi, da tazarar da ya bari tsakaninsa da katangarku. Banɗakin nan kuwa, ku samo kwano ku rufe shi a makon nan, kada ku jira kowa.