Feda mai kama takalmi ko shimfiɗaɗɗiya, wacce zan saka?

Tambaya: Salam oga. Na sayi keken tsere na hannu, ranar Asabar muna fita hanyar Zariya da abokai, sauran ranaku kuma da shi nake zuwa aiki cikin Kano. Sun dame ni wai in saka feda mai kama takalmi, wai rabin ƙarfina asara yake. Mai gyarana ma ya ce zai ɗaure min ita tamau kar ƙarfi ya zube. Ni kuma tsorona kar in kife gaban adaidaita sahu ƙafa a maƙale. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma zancen rabin ƙarfi ƙanzon kurege ne. In kana tafiya a natse kan kwalta, bambancin feda biyun ƙalilan ne, takawa ƙasa ita ke tura keke, ƙafar baya aikinta kawai ta rage nauyinta. Inda mai kamawa take nuna kanta shi ne in ka miƙe tsaye a hawa, ko ka fizga da gudu, ko kana juya ƙafa da sauri sosai, ba ta zamewa. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta ta zamani a 1984, daga dabarar takalmin zamiyar ƙanƙara, Bernard Hinault ya ci babban tseren keke na Tour de France da ita a 1985. Amma shi ai ba ya tsayawa a danja. Sam Hill ɗan Ostareliya kuma da shimfiɗaɗɗiya ya zama zakaran duniya a gangaren dutse, to ka ga ba ta ragwaye ba ce.

Maganar mai gyaran naka ce ta ɓata min rai, don kullum sai na gamu da ita. Wai ƙarfi zai zube, kai ka ce kunu ne! Wannan ɗan ƙusan jikin fedar da ake murɗawa da alanki, mai alamar + da -, ba ruwansa da ƙarfi ko kaɗan, abin da yake yi shi ne ƙara ko rage wahalar fitar ƙafa. Sai ka ga yaro bai taɓa hawa irinta ba an murɗe masa har ƙarshe, ya zo shatale-tale ya ja birki, ya ja ƙafa sama kamar yadda ya saba, ta ƙi fita, sai ya tafi gefe guda a hankali shi da keken kamar buhun masara, kafaɗa ce ke fara dukan kwalta. A fili dariya ce, amma gaban tifa fa? Ba su tsaya nan ba, har jan maƙalin ƙasan takalmi na kamfanin Shimano, wanda ke shiga cikin feda, suke liƙa wa mutane wai shi ne na ƙwararru, alhali ja ba ya barin ƙafa ta motsa ko ɗis, shuɗi digiri 2, ruwan ɗorawa digiri 6, kuma wannan ɗan motsin ne ke ceton gwiwa. Wani ma da robar tsohon tub ya ɗaure ƙafarsa a feda, ranar kasa magana na yi.

Kai da ke shiga cunkoso kullum, ka nemi shimfiɗaɗɗiya mai faɗi mai 'yan haƙora, da takalmi mai taurin ƙasa, ba silifas ba. In zuciyarka ta nace, akwai mai fuska biyu, gefe ɗaya SPD, wato mai kama takalmi ta Shimano, gefe ɗaya shimfiɗe, ka sa wa ƙasan takalminka ƙarfen SH56 mai saurin saki, ka sassauta ƙusan nan zuwa -, ka dafa bango kana murɗa dunduniya waje har ƙafa ta haddace, sannan filin ƙwallo kafin titi. Kuma wajen kwance tsohuwar fedar ka tsaya a kan mai gyaran, fedar hagu zarenta a juye yake, kar ya lalata maka shi da sifana.