Manhajar haya ko ta saye? Amsoshin ƴan kasuwar Damagaram

Wasiƙu uku na zaɓo wannan makon, duka a kan manhajar lissafin kasuwanci wadda ba a girkawa a kwamfutar shago. Tana zaune can a manyan kwamfutocin wani kamfani, kai kuwa ka shiga ta intanet, kana biya wata-wata.

"Ina sayar da siminti, kwano da rodi. Babban shagona yana Zango, ina da reshe a Magariya da Matamaye. Wani yaro ya ce in ba shi jikka 900 ya girka min manhaja a kwamfutata, shi ke nan. Wani kuma ya ce in yi haya, jikka 15 kowane mutum a wata, kuma mu huɗu ne. Wanne ya fi?" Alhaji, daga Zango.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mu fara da alƙalami. Mutum huɗu jikka 60 ke nan a wata, 720 a shekara. Cikin wata 15 kuɗin haya ya kamo kuɗin saye. Wanda ya tsaya a nan zai ce saye ya fi, amma lissafin bai ƙare ba. Manhajar da aka girka a Zango ba ta san buhu nawa ya fita a Magariya ba, sai an kira ka da dare an karanto maka, kuma ka fi ni sanin yadda lissafin waya yake. Ga ƙura, ga zafin Afrilu, ga wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙone na'ura. Ranar da kwamfutar ta mutu, littafin bashinka ya bi ta, sai fa in kana kwafewa kullum. Kaɗan ne ke yi.

Don haka, mai shago uku kamarka, ni haya zan ba shi shawara. Sai dai ba a cinikin biri a sama. Kafin ka biya ko dala, yaron mai hayar ya zo shagon, ya buɗe manhajar, sannan ka sa a kashe intanet a gabanka, ka ce ya sayar da buhu biyar ya fidda takarda. In ta yi, ta kuma aika lissafin da kanta bayan rezo ya dawo, to a ci gaba da magana. In ta tsaya cik, ka sallame shi da godiya. Ba mu manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta, ko ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta wuni tana lalube. Mai kura da ya zo ɗaukar siminti ba zai jira rezo ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci a wurina: ka ce ya fidda maka dukan bayananka, sunayen masu bashi, kaya da ciniki, cikin Excel, ya zuba a wayarka ko a kile. Idan ya fara kame-kame, ka gane ɗakin nasu ne, makulli ma nasu ne. Kamfani yana iya ƙara farashi, yana iya naɗe tabarmarsa. QuickBooks, wani shirin lissafi na haya, duk girmansa, ya rufe hidimarsa a Indiya da Faransa a 2023, masu amfani da shi suka kwashi komatsansu suka nemi wani wuri. Wanda ke iya kwashewa kaɗai ya tsira da sauƙi. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, kuma ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10, kuma kai za a tambaya, ba mai manhaja ba.

Sauran ƙanana ne, amma a rubuta su a kwantaragi. Farashin da sefa ne? In da yuro ne babu damuwa sosai, tun da yuro ɗaya kusan sefa 656 ne tsayayye, amma dalar Amurka hawa da sauka take yi. An haɗa harajin TVA na kashi 19 a ciki? Tana fidda faktir irin wadda hukumar haraji ta DGI ta amince da ita? Ka kuma tura kontabul ɗinka ya duba ko ta bi tsarin lissafin OHADA, wato SYSCOHADA, da aka sabunta tun Janairun 2018, don yawancin manhajojin da ake tallatawa daga Kano don lissafin Najeriya aka yi su.

"Ina da farmasi a Birni. Maigidana ya ce in na ɗora lissafina a intanet, kowa zai san abin da nake samu. Gaskiya ne?" Hajiya, daga Birni.

Hajiya, maigida bai yi kuskure duka ba, amma ba inda yake hange ɓarakar take ba. Ma'aikacin kamfanin manhaja irin Odoo a Beljiyam ko Zoho a Indiya bai damu da cinikin farasitamol ɗinki ba. Sirri ya fi fita ta hannun na kusa: yaron da ya buɗe miki asusun da imel ɗinsa, ko kalmar sirri ɗaya da kowa a shago ya haddace, har wanda aka sallama bara. A buɗe asusun da lambarki da imel ɗinki. Kowace mai sayarwa ta sami mashigarta, ta ga farashi, kada ta ga riba. Kuma tun da sunayen mutane da magungunansu za ki riƙe, ki sani akwai hukumar HAPDP a Yamai mai kula da kare bayanan jama'a. Ki tambayi mai manhajar a wace ƙasa ake ajiye su. Duk Juma'a ki sauke kwafi ki adana a gida. A Maris 2021 gobara ta ci ɗakin kwamfutocin kamfanin ajiyar bayanai na OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu suka rasa komai saboda ajiyarsu da kwafinta duk a wuri ɗaya suke.

"Ina sayar da kayan waya a Kasuwar Dole, ni kaɗai. Abokaina sun ce in ban yi abonema na manhaja ba an bar ni a baya." Wani matashi.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Mutum ɗaya, teburi ɗaya, littafi da Excel sun ishe ka. Ka riƙa ajiye kwafin a Google Drive, suna ba da giga 15 kyauta. Ranar da ka ɗauki yaro na biyu, ko ka fara rasa sanin caja nawa ta rage ba tare da ka ƙirga ba, ka sake rubuto min.