Tambaya da Amsa: Me Kalmar "Ikilisiya" Take Nufi Tun Asali?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ran Lahadi mai wa'azinmu ya ce ikilisiya kalmar Helenanci ce, wai ma'anarta "waɗanda aka kira su fito daga duniya". Maigidana kuwa ya ce taro kawai take nufi. Mun yi ta ja-in-ja har bayan tuwon dare. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Maigidanki ya fi kusa da gaskiya, ko da yake mai wa'azin bai ƙago maganar da ka ba. A Helenanci ana cewa ekklesia, kuma gaɓa biyu ce aka haɗa: ek, wato "daga ciki", da kaleo, wato "kira". Nan mai wa'azin ya tsaya. Amma kalma ba ta zama inda aka haife ta. Aikin da masu harshen suke sa ta yi shi ke nuna ma'anarta.

Shekaru wajen 500 kafin haihuwar Almasihu, mutanen birnin Atina sun riga suna da ekklesia tasu. Majalisar 'yan gari ce, maza 'yantattu zalla, ba mata ba bayi. Mai shela ya kira, su fito daga gidajensu su hau wani tudu mai suna Finikis, su yanke shawarar yaƙi da sulhu da dokoki ta ɗaga hannu. Kin ga fitowar da ake nufi ke nan: daga gida zuwa dandali, ba daga duniya ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin Ayyukan Manzanni sura 19, kuma ina so ki buɗe wurin ke da maigidan. A Afisa, wani maƙerin azurfa, Dimitiriyas, ya ga wa'azin Bulus zai kashe masa kasuwar ƙere-ƙeren allahiyarsu Artimas. Ya zuga abokan sana'arsa, gari ya ruɗe, aka ɗunguma zuwa filin wasanni ana ihu wajen awa 2. Aya ta 32 ta ce yawancinsu ma ba su san dalilin taruwar ba. To, wannan taron hayaniya na masu bautar gumaka, ekklesia Luka, marubucin littafin, ya kira shi a Helenanci. A aya ta 39 magatakardan gari ya ce in da wata magana kuma, a kai ta gaban halattacciyar ekklesia, wato majalisar gari, a aya ta 41 kuma ya sallami ekklesia ɗin. Sau 3 a sura ɗaya, ba ko ɗaya da ya shafi masu bi.

To, yaya aka yi kalmar ta zama sunan jama'ar Almasihu? Ta hannun Yahudawan Iskandariya ta Masar ne, waɗanda suka fara juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin Almasihu. Sau da yawa inda Ibrananci ya ce ƙahal, taron Isra'ila a gaban Ubangiji, sai suka sa ekklesia. Shi ya sa Istifanas, a Ayyukan Manzanni 7:38, ya kira jama'ar Musa a jeji da wannan suna. Masu bi na farko da wannan fassara suka tashi, suka ɗauki sunan a matsayin gado. A cikin Linjila huɗu kuwa, Matiyu kaɗai ya kawo kalmar, a 16:18 da 18:17.

Abin da ya fi damuna ba wannan gardamar ba ce, yadda muke maida ikilisiya gini ne. A Sabon Alkawari ba ta taɓa nufin gini ba. A Romawa 16:5 Bulus ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa: mutane ne cikin ɗakin wani. Kalmar "coci" da muka aro daga Turanci ita ce ta ginin, tushenta wata kalmar Helenanci ce daban, kuriakon, wato "na Ubangiji".

Koyarwar keɓewa daga duniya kuwa tana nan daram, sai dai ba cikin gaɓoɓin wannan kalma ba. Idan kin sami zama da mai wa'azin, nuna masa Yahaya 17:14-16 da 1 Bitrus 2:9, can maganar take a fili.