Kwamfuta zan saya ko babur?

Tambaya: Na gama hidimar ƙasa da 'yan kuɗina a hannu. Abokina yana samun dala ta aikin intanet, yayana kuma ya ce in sayi babur in riƙa kai saƙo ta manhaja. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Abin da ya fi damuna shi ne, a duka sana'o'in biyu ba kai ke riƙe da makullin shagon ba. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin. Matasan da ke ɗaukar fasinja a Gokada da ORide, kamfanonin acaɓa na manhaja, suka wayi gari hannu rabbana, dole Gokada ta koma kai kaya. Masu kwamfuta ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2024 Remotasks, inda ake biyan mutane su tantance hotuna da rubutu don horar da ƙirƙirarriyar basira, ta rufe wa 'yan Najeriya da Kenya ƙofa ba zato ba tsammani.

A Ingila ƙarar da direbobin Uber, kamfanin tasi na manhaja, suka shigar ta kai har Kotun Ƙoli, a 2021 kotun ta tabbatar musu da mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. Kai kuwa ranar da aka toshe maka asusu, wa za ka kai wa kuka?

Saboda haka ka duba abin da ka iya. In hannunka ya faɗa a zane, fassara, haɗa bidiyo ko rubuta manhaja, sayi kwamfuta. Ba sai sabuwa ba, ta hannu ma ta isa, muddin RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da kake kan yi, ya kai giga 8. Kafin ka biya, cire ta daga caji a gaban mai shagon, ka kunna bidiyo, ka zauna kana kallon yadda batirin ke sauka. Ka ware kuɗin data da na ƙaramar sola, domin Baturen da ke jiran aikinsa ba ruwansa da an ɗauke wuta. Kuma ka sani Fiverr, shafin da ake samun irin wannan aiki a intanet, na cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ka.

In ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, babur ya fi maka a yanzu. Ka saya kuɗi hannu, ban da bashi, kuma tun ranar farko ka ƙulla da masu sayar da abinci da atamfa na unguwarku, su riƙa kiranka kai tsaye a lambarka.