Abin da ya sa kwalbar humrarki ke fitowa kamar an liƙa ta

Assalamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki: kina ɗaukar hoton humra da turaren wuta da waya, ki cire bango, ki zuba furanni da hayaƙi da farashi a Canva, amma kwalbar sai ta fito kamar an yanko ta an manna. Irin aikin da nake yi wa masu turare da atamfa da kilishi ke nan a nan Kaduna, don haka ga abin da na sani.

Tun wurin ɗauka matsalar ke farawa. Kafin ki taɓa waya, ki riga ki san irin zanen da za ki ɗora kayan a kai. Idan haske ya bugi kwalbarki ta hagu, furen da kika sauko da shi daga intanet kuma haskensa ta dama yake, ido zai ƙi haɗin ko da mai kallo bai san dalili ba. Ki ajiye tebur kusa da taga da hantsi, ki kashe ƙwan ɗaki, ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Lokacin hunturu hazo na tausasa hasken Kaduna, yana da daɗin aiki, sai dai ki goge kwalba da idon kyamara kafin kowane ɗauka, don ƙura ba ta ɓuya a jikin gilas.

Gilas ɗin ma shi ne babbar damuwarki. Ana ganin abin da ke bayan kwalbar humra ta cikinta. In kin ɗauka a kan jan kafet, ko wace manhaja ce ta cire miki bango, jan yana nan zaune cikin kwalbar, kuma zai tona asiri da zarar kin ɗora ta a kan fari. Ki sayi kwali mai launi kusa da na zanen da kike nufi, ki lanƙwasa shi daga tebur zuwa bango, ki ɗauka a kai. Rabin gyaran ya ƙare ke nan.

Sai inuwa, wadda ita ce ke zaunar da kaya. Iri biyu ce: siririya mai duhu daidai gindin kwalba inda ta taɓa tebur, da mai laushi da ke miƙewa ɓangaren da haske bai fito ba. Manhajojin cire bango da dannawa ɗaya galibi suna share su, shi ya sa kayan ke shawagi. Ni na fi son inuwar gaskiya a kan ta zanawa. A Photoshop, ko Photopea da ake buɗewa kyauta a burauza, in a kan farin kwali kika ɗauka, ki bar asalin hoton a ƙarƙashin wanda kika yanke, ki sa wa asalin tsarin haɗa hotuna da ake kira Multiply. Farin zai ɓace, inuwar ta zauna a kan sabon bangon. Hayaƙi kuma kada ki nemo na wasu, kina da kasko a gida. Ki rataya baƙin yadi a baya, ki haska hayaƙin daga gefe, ki ɗauka, sannan ki ɗora shi da tsarin haɗa hotuna da ake kira Screen, baƙin zai tafi ya bar miki hayaƙin turarenki na gaske. Wajen jera ado, wani ya shiga bayan kwalba, ganye ɗaya ya ɗan gitta ta gaba a dishi-dishi, don hoton ya samu zurfi.

Abu ɗaya nake roƙonki: ki yi wasa da bango yadda kike so, amma kada ki taɓa launin kayan. Wadda ta ga humra ruwan zuma a hoto aka kai mata fara, ba za ta dawo ba, kuma hakkinta ne. Launukan zane ki tsamo su daga jikin kwalba ko murfinta, biyu ko uku sun isa. In akwai lambar NAFDAC a takardar jikin kayan, kada fure ya rufe ta.

Rubutu kuwa, suna da farashi da lambar waya sun wadatar, a salo biyu kacal. Ki gwada salon da ɓ da ɗ da ƙ tukuna, don da yawa ba su da su, sai ki ga akwati a tsakiyar kalma. Noto Sans yana ɗauke da su.

Girman hoto na Instagram, faɗi da tsayi a ma'aunin pixel, ki sa 1080 da 1350, na sitatus ɗin WhatsApp 1080 da 1920. Kwalbar da kika yanke ki adana ta a nau'in fayil na PNG, domin JPEG ba ya riƙe bango a buɗe. Idan sitika za a buga miki, ki gaya wa mai bugawa ya duba launin a CMYK, wato tsarin launi na injin bugawa, don abin da ke walƙiya a fuskar waya yakan dushe a takarda, kuma ki nemi gwajin guda ɗaya kafin a buga duka. Ki tura masa a matsayin fayil, ba hoto ba, saboda WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau.

Ki ɗauko kwalba ɗaya a kan farin kwali ki turo min hotonta ba tare da gyara ba, in sha Allahu zan nuna miki inda inuwarta ya kamata ta faɗi.